Ƙafafun Paloma

Valdivia, watan Janairu

Zuwa ga Yaya Hortensia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki, ta bar kumburi? Yaya iskar Punta Arenas? Mu lafiya lau, sai dai wani abu ya tsaya min a wuya, in ban gaya miki ba fashewa zan yi.

Kin san mijina Belarmino da giyarsa. Shekara da shekaru yana dafa sha'ir a rumfar bayan gida, giyar na fitowa a gurɓace kamar ruwan wankin shinkafa, abokansa na tsokanarsa wai kunu yake damawa. Da aka sa ranar auren 'yarmu Rayén, sai ya rantse baƙi za su sha giyar da ake hango yatsa ta cikin kofi. Wani ya ba shi sirrin: a narkar da jalatin, hodar nan mai daskarar da romo, a ruwan ɗumi, a zuba a giya mai sanyi, sai ya janyo dattin ya kwanta a gindin ganga. Na ce ya sayo na kanti. Ya ce shi ba zai zuba hodar kamfani a giyar 'yarsa ba.

Kin tuna Paloma, saniyar da Rayén ta rena da kwalbar madara, wadda saboda ita yarinyar ta bar cin nama har yau? To ta faɗa rami ta karye a ƙugu, likitan dabbobi ya ce ba za ta tashi ba, aka yanka ta. Muka ce mu ɓoye wa Rayén zancen sai bayan biki.

Shekaranjiya na shiga kicin, sai ga tukunya a kan murhu, ƙafafun Paloma huɗu a ciki. Aikin Belarmino ne, Yaya! Ya dafa su har suka narke, ya kwashe kitsen, ya tace da ƙyalle, romon ya daskare. Wai jalatin ɗinsa ke nan. Na ce, "Belarmino, kanka ɗaya kuwa?" Ya ce, "Haba tsohuwa, ai ƙasa yake kwantawa, ba ya shiga kofi. Ta haka ma Paloma ta halarci bikin." Yana faɗa yana share ido, shi ya sa na kasa zaginsa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Eliana

Valdivia, watan Fabrairu

Yayata,

Ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki? Gara da ciwon ya hana ki zuwa bikin, wallahi.

Giyar ta fito garau, ban taɓa ganin irinta ba. Ana gasa raguna, mutane na ɗaga kofi wajen rana suna yaba Belarmino, shi kuwa baki har kunne. Rayén ta sha kofi biyu, ta sumbace shi a goshi.

Sai Nibaldo, maƙwabcinmu da ya taya yankan, ya miƙe ya riga ya yi tatul, ya ɗaga kofi ya ce, "A sha don Paloma! Da rai ta ba da madara, da ta mutu ta tace giya!" Na taka masa ƙafa, amma ina, bakin alƙalami ya bushe.

Rayén ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Baba, jiya na tambaye ka, ka ce tana kiwo a gonar Nibaldo. Har ka ce ta yi ƙiba."

Ni ban ma san ya faɗi haka ba! Ta tafi garin Concepción da mijinta, ta rungume kowa, shi ko kallonsa ba ta yi ba. Ina tsoron ya rasa 'yar nan, Yaya, ita kaɗai gare mu.

Taki,
Eliana

Valdivia, watan Mayu

Yaya Hortensia,

Gaisuwa da fatan sanyi bai matsa miki ba. Nan ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Tun biki Rayén ni kaɗai take kira. Belarmino ya zubar da sauran giyar a gindin bishiyar tuffar da Paloma ta saba kwanciya, ya kulle rumfa, ya rame. Makon jiya Rayén ta ce in aika mata ƙararrawar wuyan saniyar ta gidan waya. Ina naɗe ta Belarmino ya karɓe. Mutumin da ko asibiti sai na ja shi, shi ne ya hau bas shi kaɗai har Concepción!

Ya ce ya ƙwanƙwasa, ta buɗe, ya miƙa mata ƙararrawar. Duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu. Abin da ya fito kawai, "Ba ta yi ƙiba ba, 'yata. Ta sha wahala, kuma ni na riƙe kanta."

Ta dube shi, ruwa na zuba daga hularsa. Sannan ta ce, "Shigo, Baba, ruwa na dukanka."

Ya buɗe rumfa jiya. Ya ce shi da jalatin har abada, giyar za ta koma kunu, kuma ba wanda ya isa ya ce uffan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Eliana