Katin Kwamfutar Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya yi wa aikinka albarka, ya tsare ka a inda kake. Mu nan sai godiya. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum, amma tana fitowa tsakar gida da kanta. Maigidana yana gaishe ka, yara kuma sun koma makaranta. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ne don ɗakin Autanmu yana jikin falo, kome na faɗa a waya sai ya ji, maganar kuwa tasa ce.

Wancan makon ka tambaye shi ko katin girafik ɗin da ka sa masa a kwamfuta kafin ka tafi, wanda ke fitar da hoton wasa, har yanzu yana ja, ko lokacin canji ya yi. Ina ji ya ce maka lafiya lau, har da dariya. Yaya, ba gaskiya ya faɗa maka ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka san tun da ciwon jijiyar nan ya kwantar masa da ƙafafu, wasan nan ne kasuwarsa, shi ne majalisarsa. Namiji mai shekara talatin da biyu, duniyarsa ta dawo ɗaki ɗaya da taga ɗaya. Kullum bayan la'asar nakan tura kekensa gaban tebur, ya sa abin kunne, su haɗu da abokansa huɗu da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Kyaftin suke kiransa. Sai ka ji yana ba da oda, yana yi musu faɗa, har Inna ta ce wai gidanmu ya koma barikin soja.

Wata uku ke nan da aka fito da sabon wasan, abokan duka suka koma can. Shi ma ya sauke, amma hoton sai ya riƙa tsayawa yana tsalle, fankar katin tana kuka kamar injin niƙa, wani lokaci allon ya yi baƙi ƙirin ana tsakiyar fafatawa. Da farko sun yi haƙuri da shi. Daga baya suka sa wani a gurbinsa, suka ce na ɗan lokaci ne. Ya hana ni gaya maka, wai ɗawainiyar maganinsa ma ta ishe ka. Tun daga nan ya rage cin abinci, da la'asar ta yi sai ya juya fuska bango.

Da abin ya dame ni na kira mai gyaran nan na bakin titi, mai gilashin da aka ɗaure da zare. Ya buɗe akwatin, ya busa ƙurar, ya canza man da ake shafawa don rage zafi. Na tambaye shi shekara nawa irin wannan kati ke yi. Ya ce a ganinsa shekara uku zuwa huɗu yana ɗaukar sabbin wasanni ba wahala, daga nan sai an rage kyan hoto a lallaɓa shi zuwa biyar ko shida. Namu ya shiga ta takwas. Ya ce katin bai mutu ba, zai iya ƙara shekaru yana jan tsoffin wasanni, zamani ne kawai ya wuce shi. Da ya ga halin da Auta ke ciki, washegari da hantsi ya dawo da katin kwamfutar shagonsa, ya ce a gwada na yini ɗaya kafin a sa ka sayi wani. Allah ya saka masa.

Yaya, hoton ya fito tas, yana tafiya sumul kamar ruwa. Abokan suka yi ta ihun Kyaftin ya dawo. Ina tsaye a bayansa ina murna, sai na lura da hannunsa na dama. Idonsa yana ganin abu, bakinsa yana faɗa, amma yatsun ba sa zuwa a kan lokaci. Sau uku linzamin kwamfutar yana suɓuce masa. Ashe tsayawar hoton nan ce ta daɗe tana rufa masa asiri, har a wurin kansa. Bai kai rabin awa ba ya cire abin kunnen, ya gode wa mai gyara, ya ce a mayar masa da tsohon katinsa. Ranar Litinin muka je asibiti, likita ya tabbatar ciwon ya hau hannu, kuma ba ya komawa baya. Inna ba ta sani ba tukuna, na rasa bakin da zan gaya mata.

Don haka kada ka sayi kati. Abin da za ka kashe a kansa ka haɗa shi a kuɗin hanya. Na san aiki ba ya sakin mutum yadda yake so, amma zumunci a ƙafa yake. Jiya ina yanke masa farce ya tambaye ni wane wata kake samun hutu. Ya ce yana so ku gaisa hannu da hannu tun yana iya riƙewa.

Ka gaishe min da Anti, da takwarar Inna, da ƙaninta sarkin rigima. Inna ta ce a sa muku albarka, Goggo da Kawu ma suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri, ya sa ka iso da wuri.

Ƙanwarka,
Mai bi maka