Bijli Ta Iya Nutso

Daga Faizabad

Ɗana Karam Ali,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, ko da yake na ji har ƙiba ka yi. Tun da sojojin Kamfanin Ingila suka karya rundunar sarkinmu a Baksar ban ci abinci ya zauna mini ba. Ubanka ya ƙi miƙa musu giwarsa Bijli, kyaftin ɗin nan mai jan gemu ya sa aka ɗaure shi a bakin igwa aka harba. Ko abin binnewa ban samu ba. Yanzu an ce kai ne ke durƙusar masa da Bijli ya hau. Tir! In mutumin nan ya mutu a kan gadonsa, ban yafe maka nonona ba.

Uwarka, Nuran Bibi

Daga sansanin Patna

Ammi,

Ina gaisuwa da neman albarka. Ki sassauta mini. Bijli ta ƙi karɓar rake a hannun kowa sai nawa, shi ya sa suka bar ni da rai. Mai jan gemu matsoraci ne, kullum sai na ɗaure shi tamau da ɗamarar fata a kujerar bayanta, wai kada ya faɗo. Bai san abin da Abba ya koya mata ba: in aka danna mata dunduniya a ƙeya cikin ruwa, nutsewa take yi, ba ta ɗagowa sai an cire ƙafa. Da damina za mu ƙetare kogin Son. Ki yi mini addu'a.

Ɗanki, Karam

Daga bakin kogin Son

Khala Nuran, innata,

Sallama. Ni ne Mangal, abokin aikin Karam, mai yanko wa giwaye ciyawa. A tsakiyar kogi Bijli ta nutse, hancinta kaɗai muke gani. Sojoji suna ta ihu a gaɓa. Karam ya iya ruwa, Khala, da ya so da ya fito. Amma bai cire ƙafarsa ba. Allah ya ba ki haƙuri.

Mangal

Daga Faizabad

Mangal,

Na amsa sallamarka. Ba ka ce mini komai a kan mai jan gemu ba. Ka ga gawarsa da idonka? Ka amsa mini da wuri, ɗana yana jira in yi kukansa.

Nuran Bibi