Hoton Ƙirjin Baba

Tuluz, Faransa, 9 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga Yaya Na Allah,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Halima da yara. Yaya jikin Baba? Yaya kuka ji da wannan fari? Allah ya sassauta.

Saƙonka ya iso, da hoton ƙirjin Baba na asibitin Maradi. Ka ce ya ƙi yarda da likita, wai yana da ɗa a Faransa da aikinsa ke nan. Na yi dariya, sannan kunya ta rufe ni. Ni na jawo, da na rubuto cewa ina aiki da hasken da ake ɗaukar radiyo, wato hoton ƙirji, da shi.

Hasken ɗaya ne, amma nawa daga sama yake zuwa. Akwai taurari biyu masu zagaya juna. Ɗaya babba ne. Ɗayan ya mutu ya dunƙule, faɗinsa bai wuce daga garinmu Maijirgi zuwa Tasawa ba, amma ya fi rana nauyi. Ƙaramin yana zuƙar jikin babban. Abin da ya zuƙo sai ya yi ta kewaya shi kamar fura in Halima na damu, ya yi zafi har ya fitar da wannan haske. Wata na'ura da aka harba sama ke kama shi, ni in auna. Haƙarƙarin mutum kuwa ban san kansa ba. Gobe zan kai wa wani likita hoton.

Ƙaninka,
Gazali

Tuluz, 3 ga Disamba 1984

Yaya,

Ina gaishe ku, ina gaida Baba da jiki.

Likitan nan ya maimaita abin da na Maradi ya ce: tarin fuka ne, sai allura kullum har wata biyu. Ka rubuto cewa rumbu ya ƙare, jar dawar da sojoji ke rabawa ba ta kai mako, kana son tafiya ci-rani Kano amma ba mai kai Baba allura Tasawa a amalanke. Na karanta har abin da ba ka rubuta ba.

Shekara biyu ina bin layin amfani da waccan na'ura ta sama. A Fabrairu za a juya na'urar ta kalli taurarina na awa goma. In na dawo gida, gwamnati za ta riƙe ni aikin koyarwa, ba kuma za ta sake barina in fita ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba na son dawowa. Ka yi haƙuri da ni.

Gazali

Tuluz, 14 ga Janairu 1985

Yayana,

Da fatan kun tashi lafiya. Ba ka amsa ba, ni kuwa tun muna yara na fi tsoron shirunka da faɗanka.

Shekaranjiya malamina ya ce in rubuta masa a taƙaice inda hasken ke fitowa. Na rubuta cewa ƙaramin tauraron ba da abinsa yake haskawa ba, da na ɗan'uwansa ne. Na ajiye biro, na daɗe ina kallon hoton Baba da na liƙa a taga.

Ka tuna ran da aka zo Maijirgi ɗibar 'yan lakwal, wato makarantar boko? Sunanka aka kira. Baba ya tura ni, don kai ka riga ka iya riƙe hauya. Shekara ashirin kana noma ina ci, ni ake ta yabo. Ban taɓa tambayar ka ko ka so tafiya ba.

Na bar wa abokin aikina awa goman. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ina tafe ƙarshen wata, ka haɗa kayanka na Kano. Ka bar mini amalanken, ka roƙi jakin ya tausaya mini, hannuna ya yi laushi.

Ka gaya wa Baba ɗansa ya duba hoton da kyau, ya ce a yi allurar.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Gazali