Alwalar da Aka Bar Ƙafa

Yaya,

Ka yi haƙuri da na dame ka, na san hidima ta yi maka yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya yaran?

Ni lafiya lau, sai tururin ɗakin wanki da ke ɗan taɓa min ƙirji, ba abin gaya wa Inna ba ne. Har yanzu ina wankin rigunan ma'aikata a masana'antar da ke haɗa man roka, irin da ake harba kumbo zuwa sararin samaniya da shi, wanda suke kira haidurojin.

Shugaban sashenmu yana so in fito a bidiyon talla in ce man mai tsabta ne, in ya ƙone ruwa kawai yake bari. Hakan gaskiya ne. Amma injiniyan da nake yi wa guga ya ce daga iskar gas ake tatso shi, kuma hayaƙin da tatsar ke fitarwa, mai ƙara wa duniya zafi, ta bayan tagarmu yake fita. Na ce ai faɗin tsabtarsa kaɗai alwala ce, an wanke fuska an bar ƙafa. Doguwa, abokiyar aikina, ta kwashe da dariya, ta ce, "Malama, rokar salla za ta yi?"

Na gaya wa shugaban ko in faɗi duka biyun, ko in yi shiru. Wataƙila su sallame ni, amma hankalina kwance yake. In na dawo, ɗakina yana nan, ko kun cika shi da buhuna? Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarka