Tamfol a Kan Rudun Albasa

Litinin, 12 Fabrairu 2024

Yau ma bayan tara aji uku ya kusa zama na maza zalla. 'Yan mata bakwai sun nemi izinin zagayawa gida, biyu ne suka dawo. Ina laifinsu? Ƙaramar sakandare guda a ƙauyen da ke jikin Aliero, ɗalibai sama da ɗari biyu, babu makewayi ko ɗaya tun da tsohon ya rufta bara.

Malam Jelani, firinsifal ɗinmu, ya tara mu a ofis kowa ya kawo dabarar samun kuɗi, tunda takardar da ya rubuta sama ta shekara babu amsa. Wani ya ce a shirya wasan ƙwallo a sayar da tikiti. A filin da ba shi da katanga! Wata ta ce 'yan aji biyu su riƙa zoɓo da kunun aya ranar kasuwa. Shi Malam Jelani so yake a kira manyan mutane a kafa gidauniya. Na tuna masa makarantar ƙawata a Maiyama, da suka yi haka, kuɗin hayar rumfa da lemon baƙi ya cinye abin da aka tara.

Sai na faɗi tawa. Iyayen yaran nan ba su da kuɗi a hannu amma kowa yana da albasa. In an cire ta, kowane gida ya ba da kwando ɗaya lokacin da take arha kamar ƙasa, mu adana, mu sayar bayan damina in ta yi tsada. Ofis ya yi tsit. Na ji daɗin shirun nan, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 15 Fabrairu

Malam Jelani yana gaya wa mutane "shawarar da munka yanke". Mu wa?

Asabar, 2 Maris

Taron iyaye. Na biya ɗan kabu-kabu daga Jega ranar hutuna, na je na yi bayani. Sun yarda, har da tafi.

Inna Kubura, mahaifiyar Wasila 'yar aji biyu, ta tare ni a ƙofa. Mijinta ya rasu, ita ke noma ɗan fegin da ya bari. Ta ce, "Malama Rahma, ɗiyata ta girma. Ba ni barin ta tana bin bayan gonakin mutane. In ba a yi wurin ga ba bana, gida za ta zamna." Ta ce kwando biyu za ta kawo. Na ce mata ta ɗauka an gama.

Baba Ayuba maigadi aka ɗora wa ginin rudu, wato rumbun albasa irin nasu: dandamalin itace sama da ƙasa, zana ta kewaye, jinkar ciyawa a kai. An ce duk yankin ba wanda ya kai shi iya shi, manyan 'yan kasuwa ma shi suke kira ya duba musu nasu. Ni dai abin da na gani ɗan tsoho ne mai haƙori huɗu da ba ya amsa sallama sai ya gama taunar goro.

Laraba, 20 Maris

Azumi, zafi, ga Baba Ayuba.

Ana kawo albasa yana zaune bakin rudu yana taɓa kowace ɗaya kamar mai zaɓen amarya. Ya matsa wuyanta, ya shinshina, ya jefa gefe. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya ƙi. Na ce Baba, kyauta fa aka ba mu, wa ke tsintar kyauta? Ya ce, "Wagga ta sha taki da yawa, wagga an ba ta ruwa har ranar cira. Ba su kai damana." Na ce to a cika rudun har sama mana, ga wuri. Ya ce a'a, tana son iska.

Komai tana son iska. Na gaya masa ni 'yar ɗan kasuwa ce, a cikin buhuna na tashi a Jega. Ya dube ni ya ce, "Buhun mi?" Na ce shinkafa. Ya ci gaba da aikinsa.

Waɗanda ya ƙi mun sayar a kasuwar Aliero, an sayi siminti kaɗan an ajiye a ofis.

Talata, 30 Afrilu

An gama zuba albasa a rudun, can bayan aji ɗaya. Yara sun sa masa suna bankin Malama Rahma. Na hana su, amma ba da ƙarfi ba.

Alhamis, 27 Yuni

Wani dillali ya zo ya taya. Malam Jelani har ya fara lashe baki. Na ce ba yanzu ba, sai Oktoba. Baba Ayuba ya goyi bayana, karo na farko tun da na san shi.

Ruwa ya sauka sosai. Duk ranar da hadari ya haɗu ina cikin aji amma hankalina yana bayan aji ɗaya. Ciyawa ce fa kawai a kai. Ciyawa! Na yi wa Baba maganar, ya ce jinkarsa ba ta taɓa yoyo ba. Kowane mako yana shiga ya juya, ya fitar da 'yan waɗanda suka lalace. Ba su fi cikin faranti ba.

Talata, 23 Yuli

Baba Ayuba ya tafi Maiyama, ƙanensa ba lafiya, an ce jikin ya yi tsanani. Bai san ranar dawowa ba. Maƙwabcinsa zai riƙa leƙa ƙofar makaranta. Kafin ya hau mota ya ce mini, "Kar kowa shi taɓa shi." Na ce to.

Juma'a, 26 Yuli

An yi hutu yau. Jiya an yi iska da ruwan da ya kwashe kwanon masallacin bakin hanya. Da safe na zagaya, na ga gefen zana ya jiƙe sharkaf. Mako takwas za mu yi ba ma nan, ga Agusta na tafe.

Na kira Yaya Sadiq ya ara mini tamfol ɗin da yake rufe kaya a motarsa, ya aiko da shi kafin azahar. Bayan kowa ya watse na hau benci, na ja shi tun daga kan jinka har ƙasa, na ɗaure da igiya ta ko'ina, na danne gefuna da bulo. Ko ɗigo ba zai shiga ba. Hannuna duk ya kwaile.

Ban gaya wa kowa ba. So nake a dawo a gani, a ce Malama ta yi tunani.

Laraba, 21 Agusta

Malam Jelani ya bugo waya. Ya ce in zo gobe. Muryarsa ba daɗi.

Alhamis, 22 Agusta

Tun daga bakin titi na ji warin.

Ba zan iya rubuta yadda na ga albasar ba. Baƙin ruwa yana bin ƙafafun rudu, ƙudaje, wasu sun tsiro, wasu in ka ɗauka sai yatsa ya nutse. Baba Ayuba ya dawo shekaranjiya bayan an yi bakwai ɗin ƙanensa. Kwana biyu yana tsinta shi kaɗai. Abin da ya tsira ya baza a inuwar ɗorawa, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Tamfol ba ya nan. Ba igiya, ba bulo. Na duba ko'ina da wutsiyar ido.

Malam Jelani yana ta faɗa, wane irin rudu ne wannan, ashe tsufa ya kama ka. Baba bai ce uffan ba. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah Ya mayar da alheri."

A kan kabu-kabu na tambayi mai mashin, kamar hira, me zai faru in aka rufe albasa da tamfol. Ya yi dariya har mashin ya karkace. Ya ce, "Dahwa ta kenan, Hajiya. Wa za ya yi haka in ba mahaukaci ba?"

Lahadi, 25 Agusta

Ba na iya cin miya. Innata ta zaci ciwon ciki ne.

Litinin, 23 Satumba

An dawo makaranta. Ba mai cewa bankin Malama kuma. Ba mai zargina ma, abin da ya fi ci mini rai kenan. Malamai har jaje suke mini, wai tsoho ya ɓata mini shiri mai kyau.

Na ji a ɗakin malamai cewa wani Alhaji da Baba ke duba wa rudu shekara goma sha ya sallame shi, wasu biyu sun bi. Gadin nan kuwa iyaye ke biyansa, kuma an sa taro ranar 12 ga wata mai zuwa don a nemo wani. Mutum mai iyali tara.

Wasila ba ta dawo ba. Kujerarta na kusa da taga, wata ta riga ta gaje.

Na ce wa kaina ai da ruwan ya shiga ma da ta ruɓe. Na faɗa sau uku ina wanke-wanke. Ƙarya nake, jinkar nan har yau a bushe take ta ciki, na leƙa.

Talata, 8 Oktoba

Yaya Sadiq ya dame ni da maganar tamfol ɗinsa, dole na je.

Na samu Baba a ɗakin gadi yana gyaran tocila. Na gaishe shi, na yi masa gaisuwar ƙanensa da ban yi da kyau ba tun Agusta. Ban kai ga tambaya ba ya ɗaga tabarmarsa. Ga shi nan a ninke, an wanke shi tas, igiyar a naɗe a kai.

Na ce Baba, ka sani. Ya ce, "Ɗaurin mace na gani, kuma ba ɗaurin manomi ba."

Na ce me ya sa ka yi shiru? Ya daɗe yana juya batir. Ya ce shi tsoho ne, an san shi, in an zage shi bana za a manta baɗi. "Ke baƙuwa ta. In anka ce malamar boko ta kashe albasar mutane, ba mai sake kawo ko guda. Ɗiyan ga mata su ka shan wahala."

Na ce amma za su kore ka. Ya ce Allah na nan.

Haushi ya kama ni, ban san dalili ba. Wa ya roƙe shi? Na ɗauki tamfol na fito ko godiya babu. Na yi kuka a bayan aji ɗaya, inda ba mai zuwa yanzu saboda wari.

Juma'a, 11 Oktoba

Zan iya cewa ba ni da lafiya gobe. Zan iya neman canji zuwa Jega, kusa da gida, dama innata ta daɗe tana so.

Asabar, 12 Oktoba

Na je. Da tamfol ɗin a cikin buhu.

An fara, wani ya kawo sunan ɗan'uwansa da zai karɓi gadi. Na miƙe, na zazzage buhun a gaban kowa. Na ce ni na rufe, ranar hutu, bayan Baba ya ce kar a taɓa. Na ce rudunsa ba shi da laifi. Na so in yi bayanin iskar da aka yi da zanar da ta jiƙe, sai na ji bayanin ba shi da amfani.

Hayaniya ta tashi. Wani ya ce ilimin boko kenan. Wani dattijo ya yi dariya har da hawaye yana maimaita "tamfol". Malam Jelani ya sunkuyar da kai yana shafa biro. Baba Ayuba yana can baya, ya juya fuska wajen taga, kamar na ba shi kunya.

Duk wannan na ɗauka. Wanda ban iya ɗauka ba Inna Kubura ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɓatar albasa ba komai, Malama, muna asara kullum. Wata biyu kina kallon ana cin mutuncin tsoho." Ta gyara mayafi ta fita.

An bar Baba a aikinsa. Ni ba wanda ya ce mini komai a hanyar fita.

Litinin, 18 Nuwamba

An sayar da abin da ya tsira, farashi ya yi kyau ƙwarai, wanda ya sa abin ya fi zafi. An haƙa rami, an yi daɓe da simintin nan, an tayar da bulo zuwa ƙirji. Sauran zana aka kewaye, ba rufi, ba ƙofa sai buhu. Ɗaki ɗaya maimakon huɗun da na yi alkawari. 'Yan mata suna layi, amma suna dawowa aji.

Na aika wa Inna Kubura saƙo ta hannun maƙwabciyarta cewa an yi. Ba amsa.

Takardar neman canji tana cikin jakata tun makon jiya. Ban miƙa ba, Malam Jelani ba ya zama ofis.

Laraba, 19 Fabrairu 2025

An fara cira. Ba a kira taro ba, ba wanda ya roƙi kowa. Baba Ayuba dai ya sake jinka ranar Asabar, shi kaɗai ya yanke shawara, ni kuma na je don ina da jarrabawar da zan duba a ofis.

Gida tara suka kawo zuwa yau. Bara kuwa ana maganar sittin.

Da hantsi Inna Kubura ta shigo da kwando a kai, Wasila na bayanta da wani, cikin kayan makarantar da suka ɗage mata. Na tashi da sauri na miƙa hannu in sauke mata. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta dire a gaban Baba. Ta ce, "Kai na ba."

Baba ya tura kwandon gabana da ƙafa, ya ce in zauna in tsince, shi idonsa ya gaji. Na zauna a ƙasa. Na matsa wuyan ta farko, na shinshina, na ajiye dama, wajen masu kyau. Ta biyu dama. Ta uku na daɗe da ita a hannu, na ware ta hagu, na dubi Baba. Yana ta taunar goronsa.

Inna Kubura ta tsaya a kaina har na gama kwandon. Sannan ta ce wa Wasila ta wuce aji.