Admin ɗin garinmu ya goge hoton Innata

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san doka, ba wa'azi ba, wa'azi na sha shi har na ƙoshi.

Ni budurwa ce, a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Na gama sakandare, ƙawayena duk sun watse, wasu aure wasu aikatau a birni. Bara da damina Innata ta rasu, gidan ya rage daga ni sai Baba, shi kuma ba mai magana ba ne, daga gona sai masallaci. Wuni nake ban ce uffan da kowa ba, sai in na samu caji na shiga guruf ɗin 'yan garinmu na Fesbuk.

Hoton Inna guda ɗaya ne a duniya. Ni na ɗauke ta tana sussukar gero a tsakar gida, da ɗaurin ƙirji, tana dariya tana cewa in kawar da abin nan daga fuskarta. Na sa shi a guruf ranar sadakar bakwai na roƙi addu'a. Da hatsi ya ƙare mana Baba ya sayar da wayar da hoton ke ciki, ban damu ba, tunda in na ari waya ina ganinta. Da na samu wata 'yar tsohuwar waya sai lalaci ya hana ni sauke hoton, wannan laifina ne, na sani.

Makon jiya na duba, babu. Admin ɗin guruf ɗin, wani malamin firamare maƙwabcinmu, ya goge. Na same shi a ƙofar gida, wai dattawa ne suka ce bai dace a bar mamaciya ba mayafi maza suna gani ba. Na ce to me ya hana ka gaya min in ɗauke kayana? Ya ce guruf nasa ne, shi ya buɗe, ba sai ya nemi izinin yarinya ba. Na gaya masa maganar da ba a gaya wa babba, ya cire ni gaba ɗaya.

Wata da ke karatu a Bici ta ce min doka ba ta hana shi ba, wai tun ranar da na shiga na yarda da sharuɗɗansa. Ni ban ga wani sharaɗi ba wallahi. Baba kuma ya ce kul na kai ƙara wajen mai unguwa, gonarmu da ta su malamin iyaka ɗaya, kuma shanunsu ke mana huɗa.

To ku gaya min, da gaske yana da ikon goge abin da ba nasa ba? Abin da aka goge yana dawowa? In yana dawowa zan je in durƙusa in ba shi haƙuri ko da ni ce da gaskiya. Don jiya na zauna in tuno fuskarta, sai zanin kawai nake gani. Ya zan yi?