Burtali Ya Toshe, Saniyarka Na Kwance

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya, sai gajiya.

Tun da na gama makaranta ni ke kai shanun Baba rafi. Ka tuna burtalin wajen Gammo, wanda ke ratsa kurmi ya zagaye dutse? Bana an nome shi, dawa ce tun daga tsamiya har gangare. Ranar Laraba na hau da su ta kan dutse don kada su taɓa amfanin kowa. Saniyarka, jikar wadda Kaka ya ba ka ranar suna, ta zame ta karya ƙafar gaba ta hagu. Mai ɗori ya duba, ya girgiza kai kawai.

Baba ya ce, "Ba tawa ba ce. Ba na sa mata wuƙa sai mai ita ya ce."

Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga, ita kuma ko dusa ta daina ci. Don Allah ka amsa kafin ta zama mushe.

Inna na gaishe ku. Ku sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Sani